Ranar Aure da Ranar Rabon Gado



A shekarar 2004 aka fara aiki da sabuwar dokar iyali a ƙasarmu Benin. Tun daga nan, auren da hukuma ta sani shi ne wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari, kuma da mace ɗaya tak. Mu kuwa nan Kwatano a masallaci muke ɗaura namu, da waliyyi da shaidu da sadaki, kuma Suratun Nisa'i ta halatta har mata huɗu ga mai iya adalci. To, wa ke da maganar ƙarshe, gwamnati ko Allah?

A ganina gwamnati tana da hurumi. Tsarin mulkin 1990 ya ce ƙasa ba ta wani addini ba ce, ga mu zaune da Kirista da masu bin Vodun. Dole mu kiyaye doka, mu biya haraji, a zauna lafiya. Amma halal da haram ba a hannunta suke ba, don dokar mutum sauyawa take. A 1974 gwamnatin Kérékou ta rungumi aƙidar gurguzu, a 1989 ta yar da ita. Kakanninmu sun ga zuwanta da tafiyarta, raka'o'in azahar na nan huɗu.

Sai dai fa, laifin da ke damuna namu ne. Mutum zai rasu ya bar mata biyu, uwargida da takardar hukuma, amarya da shaidun masallaci kawai. Shari'a ta ce in akwai 'ya'ya su raba tumuni daidai wa daida. Amma sai ka ji wasu dangi na cewa, "Ai kotu ba ta san ta ba." Subhanallah! Ranar aure mun ce hukuncin Allah muke bi, ranar rabon gado kuma sai mu fake da dokar gwamnati? Wannan son zuciya ne, kuma baiwar Allah mai takaba ce za ta kwana da yunwa.

In da gaske Allah ne mai hukunci, mu ba amarya haƙƙinta ko babu alƙalin da zai tilasta mana. Iyayenmu maza kuma, don Allah ku yi wa kowane ɗa takardar haihuwa da sunanku tun kuna raye.

Allah Ya sa mu dace, amin.