"Babu Netwok" Ba Amsa Ba Ce

Rubutun wannan makon ba zai yi wa wasunmu daɗi ba, domin mu ake tuhuma.

Akwai kalmar da ta rufe mana ido: "babu netwok". Ɗalibi zai taso daga Kuchi ko Jabo don a gyara masa harafi ɗaya a sunansa, ya biya kuɗin mota, ya wuni a layi, da la'asar a sallame shi da wannan kalma. Mu kuma masu alƙalami mu kwashe ta mu zuba a labari, kamar ruwan sama ne da ba mai iko da shi sai Allah. Wani lokaci gaskiya ne, sadarwa ce ta yanke. Amma akan samu layi lafiya lau, rumbun bayanai ne ya kasa ɗaukar kaya, kuma wannan aikin mutum ne, ba ƙaddara ba.

Rumbun bayanai shi ne inda kwamfuta ke jera sunaye da lambobi a jadawali. Rayuwarmu ta koma cikinsa: BVN tun 2014, haɗa NIN da layin waya tun Disambar 2020, sannan JAMB ta wajabta NIN daga 2021. Masu NIN sun haura miliyan 100. Idan rumbu irin wannan ba shi da fihirisa, sai kwamfuta ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya kafin ta gano naka. Idan kuwa an jera su bisa tsari, sai ta riƙa raba jerin biyu tana watsar da rabi, cikin taki 27 ta iso kanka. Sai dai fihirisa ba kyauta ba ce, domin duk sabuwar rajista sai an sabunta ta, yawanta yana rage saurin shigar da bayanai. Sanin wadda za a gina da wadda za a bari shi ne sana'ar mai kula da rumbu. Shi ne kuma ke gwada ƙarfin rumbun tun kafin ranar rufe rajista, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku dubi abin da ya shafe mu kai tsaye. Wani ya rubuta Tambuwal, wani Tambawal. Tsakanin ƙaramar hukumar Kebbe da jihar Kebbi harafi ɗaya ne. Muhammadu a wannan takarda Mohammed ne a waccan. Ga kwamfuta, ɗ daban, d daban, don haka Ɗanladi na iya zama mutum biyu idan ba a tsara rumbun ya gane haruffanmu masu lanƙwasa ba. Wanda bai san Hausa ba, ta ina zai hango wannan rami?

Nan ne nake da faɗa da ɓangare biyu. Na farko, matasan da ke tara satifiket ɗin kwamfuta na wata uku, alhali buga takarda kawai suka koya. PostgreSQL da MySQL kyauta ake sauke su. Dukansu suna da umarnin EXPLAIN, wanda ke nuna hanyar da rumbu zai bi ya amsa tambaya. Ka zuba sunaye dubu ɗari na gwaji, ka auna lokacin bincike, ka gina fihirisa, ka sake aunawa. Haka ake koyon sana'ar, ba da hoton yaye ɗalibai ba.

Na biyu mu ne. Tun 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tsarin jadawalin nan, fiye da shekara 50 ke nan, amma wa ya taɓa cin karo da bayaninsa da Hausa? Za a ce harshen ba zai iya ba. Harshen da ya ɗauki fiƙihu da lissafin rabon gado shi ne zai gaza da jadawali? Lalacinmu ne. Mun iya cika shafi goma da kwatanta lefe, amma mun kasa sakin layi ɗaya da zai fahimtar da uba dalilin da ɗansa ya rasa jarrabawa. Wanda bai san sunan cuta ba, ba zai tuhumi mai magani ba.

Aikin makon: kowa ya zaɓi abu ɗaya, fihirisa ko maimaituwar suna, ya bincika, ya bayyana shi cikin kalma 200 yadda manomi a Dogon Daji zai gane. Wanda ke ganin ba aikin marubuci ba ne, ya kawo hujja.

Allah Ya sa mu dace.