Mai hoto da rumfar kansa a intanet

A Janairun 2025 Getty Images da Shutterstock, manyan dillalan hotuna, suka sanar da shirin haɗewa. Tun 2020 rabon mai hoto a Shutterstock kashi 15 ne zuwa 40 cikin ɗari, wani hoton ma santi 10 kacal. To, in dillalai biyu suka zama ɗaya, ina sauran ciniki?

Ni dai a ganina, gara mai hoton Nima ko Kumasi ya kama hayar shafinsa. Amma kada arha ta ruɗe shi. Ya tambayi kamfanin: gigabayit nawa ne, tunda hoto na cin wuri? Shafin na buɗewa da sauri a waya? Uwa-uba, za a iya haɗa Paystack, kuɗi su faɗo MoMo? In babu wannan, wahalar banza ce.