Hirar Iyali: Allon Tallan Makaranta

Lokacin neman shiga manyan makarantu ya sake zagayowa. Wanda ya bi hanyar Jos zuwa Abuja, ko ya ratsa garin Kaduna, zai ga manyan alluna a bakin titi suna kiran yara. Tun shekarar 1999, sa'ad da gwamnati ta ba jami'o'i masu zaman kansu na fari izini, makarantu suka yawaita, kowace tana neman ɗalibai. Wannan ba laifi ba ne. Har ekklesiyoyinmu suna da nasu, su ma suna buga talla. Amma ya kamata mu dubi hotunan da kyau, gama 'ya'yanmu sun riga mu dubawa.

Me muke gani? Saurayi ya sa kwat, ya jingina da mota mai walƙiya, a bayansa ga dogon bene, wani lokaci har da jirgin sama. Ba a rubuta kome a kan kuɗi ba, amma yaro ya gane karatun. Ba mu taɓa cin karo da allon da ya nuna malamin firamare a ƙauye ba, ko malamin gona cikin taɓo, ko da yake su ma daga irin makarantun nan suka fito.

Hoton 'yan mata shi ya fi damunmu. Sau da yawa za a zaɓi yarinya fara, a gyara mata gashi, ta rungume littafi a rufe tana murmushi. Saurayin yana riƙe da kayan aiki, yana auna wani abu. Ita kuwa an tsai da ita a gefe domin ado. In an ba ta aiki, to, nas ce, ko tana gaban tukunya, ko tana amsa waya a ofis. Kada a ji mu ba daidai ba. Aikin jinya aiki ne mai daraja, wanda ya taɓa kwana a asibitin Vom ko na Galmi ya san haka. Abin da muke ƙi shi ne a nuna kamar iyakar hanyar ke nan.

Akwai wata yarinya a ekklesiyarmu, ba wanda ya kama ƙafarta a lissafi cikin ajinsu. Tana so ta karanta aikin injiniya. Babanta, dattijon kirki, ya buɗe takardar tallan wata makaranta ya ce, "Duba, 'yata, kin ga mace ko ɗaya da hular ƙarfe a nan?" Ba mugunta ce ta sa shi ba. Hoto ya gani, ya gaskata. Shi ne zai sayar da masara ya biya kuɗin, yana tsoron kada ya zuba a banza.

Muka tuna masa da Grace Alele-Williams, wadda ta sami digirin dakta a Shikago a 1963, ta koyar da lissafi, ta zama mace ta fari da ta shugabanci jami'a a Nijeriya, wato ta Benin, a 1985. Muka ce ya fito da naira ashirin ya dubi Ladi Kwali, mai ginin tukwane, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama da digiri a 1977. Ita ba ta da mota a hotonta, tukunya ce a gabanta. Muka kuma buɗe Littafin Misalai sura 31. Macen da aka yaba a can takan duba gona ta saya, tana ciniki, tana buɗe hannu ga matalauta. A Ayyukan Manzanni 18 kuwa, Biriskilla tana ɗinkin alfarwa tare da mijinta, su biyu suka ƙara wa Afolos ganewa.

Iyaye, in takardar talla ta shigo gida, mu zauna da yara mu tambaye ta abin da ta ɓoye. Hukumar jami'o'i ta ƙasa ta amince da wannan fannin? Nawa ne kuɗin duka, har da ɗakin kwana? 'Yan mata nawa ne a sashen? In da hali, mu je da ƙafarmu mu ga ɗakin gwaje-gwajen.

Dattijon nan ya ce zai je. Ya yi alkawari zai tafi tare da yarinyar da mamarta bayan girbi.