Lilo da fizge: kafin ɗanku ya ɗaga ƙarfen nan sama da kansa

A wannan makon zan ɗan kauce daga batun ƙwayoyi da allurai, in yi magana kan wani ƙarfen motsa jiki da ya shigo hannun samarinmu, domin idan abin ya ɓaci wajenmu masu magani ake fara zuwa.

Turawa suna kiransa ketilbel. Dunƙulen ƙarfe ne mai mariƙi a sama, kamar butar shayi da aka cire wa baki. Asalinsa daga Rasha ne, inda 'yan kasuwa suka riƙa auna hatsi da shi a sikeli, shi ya sa har yau aka fi ƙera shi a kilo 16 da 24 da 32, bisa tsohon ma'auninsu. Yanzu bidiyon waya ya kawo shi har tsakar gida. Daga Kafanchan zuwa Kagoro da Zonkwa, saurayin da ba shi da kuɗin na kanti sai ya cika gwangwanin fenti da siminti, ya lanƙwasa rodi ya dasa a ciki, shi ke nan ya samu nasa.

Wasanni biyu aka fi yi da shi. Na farko shi ne lilo, wanda samari ke kira suwin: a riƙe ƙarfen da hannu biyu, a wurga shi ta tsakanin cinyoyi, ya taso zuwa daidai ƙirji, ya koma. Na biyu shi ne fizge, ko sinach a bakinsu: da hannu ɗaya, a tashi ɗaya, ƙarfen ya bar tsakanin cinyoyi ya tsaya cak a sama da kai. Na biyun ya fi burgewa a bidiyo, don haka shi yara suke fara kwaikwayo. Alhali kuwa fizge lilo ne da aka ɗora wa wani aiki a kai, kuma wanda liloonsa bai nuna ba, fizgensa rauni kawai zai jawo masa.

Bari mu tsaya kan lilo, don nan ne tushen. Ƙarfin lilo daga ƙugu yake fitowa. Hannu igiya ce kawai da ta haɗa ka da ƙarfen. Ka ajiye shi a ƙasa kamar taku ɗaya a gabanka, ka buɗe ƙafa ta ɗan wuce faɗin kafaɗa. Sai ka tura mazaunai baya, kamar mai son rufe ƙofa da su alhali hannunsa cike da kaya. Gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, amma kada ka tsuguna. Baya ya zauna a miƙe, kada ya yi doro. Ka ja ƙarfen ya shige can sama tsakanin cinyoyi, sama da gwiwa, sannan ka miƙe da ƙarfi lokaci guda, ka matse mazaunai da ciki, ka fitar da numfashi. Ƙarfen zai taso da kansa zuwa ƙirji. Ba sai ka taimaka masa da kafaɗa ba, kuma kada ka gantsare baya idan ka miƙe. Wajen saukowa ne aka fi yin kuskure. Mutum ya ga ƙarfe na tahowa sai ya yi saurin sunkuyawa, ƙarfen ya ja shi ƙasa har kusa da idon sawu, nauyin duka ya sauka a ƙasan baya. Ka jira har sai damatsanka sun taɓa haƙarƙari, sannan ka tura ƙugu baya.

Uwa ko uba na iya duba wannan a gida ba tare da ƙarfe ba. A sa yaro ya ɗora sanda a bayansa a tsaye, ta taɓa ƙeya da tsakanin kafaɗu da ƙashin da ke saman mazaunai. Ya sunkuya yana tura ƙugu baya. Idan sandar ta rabu da ɗaya daga cikin wuraren nan uku, bai isa ɗaukar nauyi ba tukuna. Wata dabara kuma: a zura tawul a mariƙin, a riƙe bakin tawul ɗin a yi lilo. In tawul ya saki ya yi lanƙwasa a sama, da hannu ake ɗagawa.

Ni kam ina ganin amfanin wannan sunkuyo ya wuce wajen motsa jiki. Shi ne dai wanda mai dakon buhun citta a Kachia ko Kwoi yake buƙata lokacin girbi, shi ne wanda uwa take buƙata idan za ta ɗauki jarkar ruwa mai lita 25, wadda nauyinta ya kai kilo 25, wato ya fi ƙarfen da ƙwararru da yawa ke wasa da shi. Da za mu koya wa 'ya'yanmu mata da maza yadda ake sunkuyo daga ƙugu, da an rage layin masu neman maganin ciwon baya.

To, fizge fa? Farkonsa ɗaya da lilo, daga ƙugu. Bambancin yana farawa ne da zarar ƙarfen ya wuce cibiya. A lilo kana barin sa ya yi nesa da kai. A fizge kana jan sa ya bi jikinka, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe ta koma baya, kamar mai zuge zif ɗin riga daga ƙasa zuwa wuya. Da ya kai daidai kai, a daidai lokacin da ka ji nauyinsa ya ɓace, sai ka sassauta riƙo ka cusa hannunka sama kamar mai kai naushi. Haka zai zagayo ta gefen wuyan hannu ya kwanta a bayan hannunka ba ƙara. Idan ka makara ko ka ƙanƙame mariƙin, ƙarfen zai yi tsalle ta saman yatsu ya faɗo ya doki ƙashi. Kumburin da kuke gani a bayan hannun yaro, ya ce muku ai haka ake farawa, wannan ne sanadinsa. A sama kuma, gwiwar hannu ta miƙe sosai, wuyan hannu kada ya karye baya, damtse yana kusa da kunne.

Akwai gwajin da ya kamata a yi kafin nan. A jingina baya da bango, a ɗaga hannu a miƙe har babban yatsa ya taɓa bangon a sama da kai. Wanda sai ya gantsare kafin ya taɓa, kafaɗarsa ba ta shirya ba, kuma ƙasan bayansa ne zai biya bashin. Tsarin da masu horarwa ke bi shi ne watanni ana lilo da hannu biyu, sannan da hannu ɗaya, sannan a koyi ɗora ƙarfe a ƙirji da tura shi sama a hankali, fizge ya zo a ƙarshe da nauyi mara yawa. Namiji mai lafiya kan fara lilo da kilo 12 zuwa 16, mace da 8 zuwa 12.

Shawarata kan na siminti a taƙaice take. A yi lilo da shi a fili, idan mariƙin ya kama sosai kuma ba yara a gaba. Kada a yi fizge da shi. Rodi yana da kaushi, ba ya juyawa a tafin hannu sai ya yage fata, kuma siminti na iya rabuwa da mariƙinsa a lokacin da yake sama da ƙoƙon kai.

Yanzu sai ɓangaren da ya fi damuna. Ciwon tsoka na sabon shiga yana tasowa washegari, ya yi tsanani a kwana na biyu ko na uku, ya wuce da kansa. Idan ya dame ka, farasitamol ya isa, kuma babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin awa 24. Abin da samari suke yi shi ne su haɗiyi diklofenak ko ibuprofen kafin su fara, wai don kada su ji zafi, wasu ma su haɗa biyun, ko su sayi haɗin ƙwayoyi a leda wurin mai talla. Magungunan nan gida ɗaya suke. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, gyambon ciki yake jawowa. Suna kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga shi mai motsa jiki a zafin watan Maris ya riga ya zubar da ruwan jikinsa ta gumi. Sannan zafin da ake kashewa shi ne mai sanar da cewa ƙarfen yana dukan inda bai kamata ba.

Tiramadol kuwa ba shi da gurbi a nan ko kaɗan. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai miligiram 50 da 100, shi ma da takardar likita. Masu 200 da 225 da ke yawo a hannun samari haramtattu ne, suna sa jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma wanda ya saba da su da wuya ya rabu. Ku yi tunanin jijjiga ta kama mutum da kilo 16 a sama da kansa. Iyaye, idan kun ga fankon ƙwaya a jakar motsa jikin yaro, ku kawo wa mai harhaɗa magunguna ya karanta muku.

Mai hawan jini da bai daidaita ba, da mai ciwon zuciya, da mai gwaiwa, da mai sikila, da mai juna biyu, da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba musamman ta hanyar tiyata, duk su ga likita kafin su taɓa ƙarfen nan. Kuma akwai alamomin da ba na kantin magani ba ne: ciwon baya da ke harbawa zuwa ƙafa, ƙafa ta sage ko ta yi rauni, fitsari ko bayan gida ya riƙa kuɓucewa ko fitsari ya ƙi fita, ko kuma fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan motsa jiki mai tsanani tare da kumburin tsoka. Wannan na ƙarshen alama ce ta tsoka da ta farfashe tana toshe ƙoda. Kada a ba shi diklofenak ko ibuprofen. A ba shi ruwa, a wuce da shi babban asibitin Kafanchan ko wanda ya fi kusa a ranar.