Daƙiƙa 20 a sararin samaniyar Kano: Su wa ke hana jirage taho-mu-gama?

Wanda ya saba zirga-zirga a Titin Ibrahim Taiwo ba ya ko ɗaga kai idan jirgi ya gifta. Ƙarar ta zama jiki ga 'yan Kantin Kwari da mazauna Fagge da Sabon Gari, domin Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano a cikin gari yake, gidaje da kasuwanni sun kewaye shi.

Da yawa daga cikin 'yan kasuwar wannan yanki ta filin suke tashi zuwa Saudiyya da Dubai da China. Sun san kuɗin tikiti da nauyin kaya, amma ba kowa ya san mutanen da ke zaune a hasumiya da ɗakin radar suna raba wa jirage hanya ba.

Tun bayan karon da jirgin fasinja ya yi da jirgin soja mai saukar ungulu a birnin Washington na Amurka ranar 29 ga Janairun 2025, inda mutum 67 suka mutu, duniya ta sake waiwayar aikin waɗannan jami'ai. Bincike ya nuna cewa a daren mutum ɗaya ne ke kula da jiragen fasinja da masu saukar ungulu, aikin da akan raba wa mutum biyu.

Kano ta taɓa ganin irinsa

Ranar 1 ga Maris 1978, wani jirgin Nigeria Airways ƙirar Fokker F28 yana shirin sauka a Kano ya yi karo da jirgin yaƙi ƙirar MiG-21 na sojojin saman Najeriya da ke atisayen sauka da tashi. Mutum 18 suka rasu: 16 a jirgin fasinja, biyu a na soja.

Har yau filin na Kano na farar hula ne da soja a haɗe, kuma rundunar sojin sama tana da makarantar horar da matuƙa a wurin. Jirgin atisaye yana kewaya filin yana taɓa ƙasa yana tashi, jirgin fasinja kuma yana gangarowa a hanya miƙaƙƙiya. Jami'in hasumiya ne ke tsara wanda zai jira da wanda zai wuce.

Darasi mafi ɗaci a Najeriya ya zo ne ranar 7 ga Nuwamban 1996. Jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal zuwa Legas, ya kusanci wani jirgi da ya tashi daga Legas. Na'urar gargaɗi ta yi ƙara, matuƙin ya karkata da ƙarfi don kaucewa, jirgin ya ƙwace masa, ya faɗa ruwa a Ejirin kusa da Epe.

Jiragen biyu ba su taɓa juna ba, amma duka mutum 144 da ke cikin na ADC suka mutu, ciki har da fitaccen masanin siyasa Farfesa Claude Ake. Masu bincike sun ɗora tushen hatsarin a kan yadda jami'in radar ya raba jiragen, sannan da yadda matuƙin ya kauce.

Kwana biyar bayan haka, jirgin Saudiyya da na Kazakhstan suka yi karo a kusa da birnin Delhi na Indiya, mutum 349 suka mutu.

Yadda ake raba jirage

A taswirar jiragen sama ta duniya, da sunan Kano ake kiran sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya. Wannan ya samo asali ne daga tarihi: a Kano jirage suka fara sauka a ƙasar a 1925, kuma shekaru da dama birnin ne zangon jiragen da ke ratsa Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka.

A yau hukumar NAMA, wadda aka kafa a 1999, ita ke kula da wannan sarari ta manyan cibiyoyi biyu, ɗaya a Kano, ɗaya a Legas. Ke nan jami'an Kano ba jiragen da ke sauka a birnin kaɗai suke kula da su ba. Akwai waɗanda ke wucewa can sama cikin dare, daga Turai zuwa kudu, ba tare da kowa a ƙasa ya ji motsinsu ba.

Aikin hawa-hawa ne. Na hasumiya yana kula da titin jirgi da abin da ido ke gani. Na radar yana jera masu gangarowa da masu hawa. Na babbar cibiya yana riƙe da waɗanda suka riga suka daidaita a sama. Kowanne yana miƙa jirgi ga na gaba, kuma a wajen miƙawar ne kuskure ya fi saurin shiga.

Ƙa'idar da aka fi amfani da ita ita ce tazarar ƙafa 1,000, wato kimanin mita 300, tsakanin na sama da na ƙasa. Idan kuma a tsayi ɗaya suke, a ƙarƙashin radar, akan bar kimanin kilomita 9 a tsakani.

Kilomita 9 na iya zama kamar tafiya mai nisa ga mai Adaidaita Sahu. Amma idan jirage biyu suna fuskantar juna, kowanne yana gudun kilomita 800 a awa, cikin daƙiƙa 20 da 'yan kai za su cinye wannan tazara. A cikin wannan ɗan lokaci ne jami'i zai gane matsalar, ya kira jirgin da sunansa, ya ba da umarni, matuƙi ya maimaita, sannan jirgin ya juya.

Shi ya sa a wannan aiki ba sai an yi karo ake cewa an samu matsala ba. Da zarar tazarar ta ragu ƙasa da ƙa'ida, ko da fasinjoji ba su ji komai ba, ya zama abin rubutawa da bincike.

Idan na'ura da mutum suka saɓa

Manyan jiragen fasinja suna ɗauke da na'urar TCAS, wadda ke magana da takwararta a ɗaya jirgin. Idan ta ga karo na tafe, sai ta ce wa wannan ya hau, ta ce wa wancan ya sauka.

Ranar 1 ga Yulin 2002, a saman garin Uberlingen na Jamus, na'urar ta ce wa matuƙan wani jirgin Rasha su hau, jami'in ƙasa kuma ya ce su sauka. Suka bi jami'in, suka haɗu da jirgin dakon kaya na DHL da shi ma yake sauka bisa umarnin tasa na'urar. Mutum 71 suka mutu, akasarinsu yara 'yan makaranta.

Jami'in shi kaɗai ne a bakin aiki a daren, yana kula da allo biyu, kuma ana gyaran wasu na'urorin cibiyar. Tun daga nan aka ƙara tsaurara ƙa'ida: idan TCAS ta ba da umarni, ita matuƙi zai bi.

Ina Najeriya ta tsaya?

A watan Oktoban 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da shirin TRACON, wanda kamfanin Thales na Faransa ya gina don radar ta game ƙasar. An kafa tashoshi tara, ciki har da Kano da Maiduguri da Numan da Talatar Mafara. Kafin nan, a wurare da yawa jami'i yana dogara ne da abin da matuƙi ya faɗa masa ta rediyo, yana lissafi a takarda.

Na'urorin sun haura shekara goma suna aiki dare da rana. Shugabannin NAMA da kansu sun sha kokawa cewa sun tsufa, kayan gyaransu na wahalar samu, kuma kason da gwamnati ke cira daga kuɗin shigar hukumar yana hana ta sabunta su.

Ƙungiyar jami'an, NATCA, ta daɗe tana kuka kan ƙarancin ma'aikata da yawan aiki da matsalar rediyo a wasu sassan sararin ƙasar. A watan Nuwamban 2021 wani jami'i ya rasu a bakin aiki a filin jirgin Abuja, lamarin da ya sa abokan aikinsa suka rage saurin sallamar jirage don nuna ɓacin rai.

Cike giɓin ba abu ne na kwana ɗaya ba. Sai mutum ya yi karatu a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya yi aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, ya samu lasisi daga NCAA, sannan a tantance shi a kan filin da zai zauna. Idan gogaggen jami'i ya yi ritaya, shekaru ake ɗauka kafin a samu madadinsa.

Kano kuma tana da nata ƙarin nauyin. Lokacin hunturu hazo kan rufe gari, na hasumiya bai ganin nesa, sai ya koma ga na'ura. Lokacin aikin Hajji manyan jirage kan ƙaru a kan na yau da kullum.

Abin da ya shafi na ƙasa

Mutanen Gwammaja sun san cewa hatsarin jirgi ba a fasinjoji yake tsayawa ba. Ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin EAS ya faɗa unguwar jim kaɗan bayan tashi, fiye da mutum 100 suka rasu, ciki har da waɗanda ke zaune a gidajensu. Ba karo ne ya jawo shi ba, amma ya nuna abin da ke ƙarƙashin hanyar jirage a Kano.

Akwai abubuwa uku da 'yan majalisar da ke wakiltar Kano za su iya bibiya. Na farko, a sa ranar sabunta radar da rediyo, a ware kuɗinsa a fili. Na biyu, a ɗauki sabbin jami'ai tun kafin tsofaffin su tafi, a kuma kiyaye sa'o'in hutunsu. Na uku, hukumar bincike ta NSIB da NCAA su riƙa wallafa adadin lokutan da jirage suka kusanci juna fiye da ƙa'ida, tare da dalili.

Wannan na ƙarshe yana buƙatar a bar jami'i da matuƙi su faɗi kuskurensu ba tare da fargabar kora ba, matuƙar ba ganganci suka yi ba. Inda ake hukunta duk wanda ya kai rahoto, rahoton ne ke ɓacewa, matsalar tana nan.

Shi kuma fasinja, idan ya ji jirgi ya kusa taɓa ƙasa sai ya sake hawa, ko yana ta kewaya gari kafin sauka, kada ya ɗauka rashin iya aiki ne. Sau da yawa matuƙi ne ko jami'in hasumiya ya ga titin bai zama fili ba, ko tazarar ta yi kaɗan, ya zaɓi a ƙara minti goma a sama.