Adireshin intanet ya ƙare, wa ke duba akwatin Wi-Fi da muke saye a Garwa?

Wani abokina mai shagon atamfa a babbar kasuwar Garwa ya sa kyamarori bara, bayan ɓarayi sun fasa shagon maƙwabcinsa. Yaron da ya haɗa masa ya ce ko yana Duwala wajen sari zai riƙa ganin shagonsa a waya. Ya biya kuɗi, ya yi tafiya, ya buɗe waya, shiru kake ji. Da ya dawo ya sauya akwatin Wi-Fi har sau biyu, ya yi wa yaron faɗa kamar zai ari baki. Sai da muka zauna da shi muka duba sannan muka gane ba laifin yaron ba ne, ba kuma na kyamara ba. Layin da yake biya duk wata ba shi da adireshin kansa.

Na san wani zai ce mu da wuta ma ba ta zama, rezo yana zuwa yana tafiya, ina mu ina zancen adireshi? To ai a nan gizo ke saƙar, domin wannan matsala ce da ba a ganinta, sai dai a ɗora wa wani laifinta.

Duk na'urar da ke magana a intanet tana bukatar lamba, kamar lambar gida. Tsohon tsari, IPv4, lambobi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma babbar ma'ajiyar duniya ta raba ragowar nata a watan Fabrairun 2011. Kamfanonin sadarwa sai suka koma dabara: su ɗora masu layi da yawa a kan adireshi ɗaya. Ana kiran dabarar CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna barjat da lamba ɗaya a ƙofa. Kai kana iya fita ka je inda kake so, amma baƙon da ya zo nemanka bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Abin da ya sami abokina ke nan: na'urar kyamararsa irin wadda sai an zo mata kai tsaye ce. Shi ya sa kuma wani lokaci shafi zai hana ka shiga, ko ya dame ka da tambayar ko kai mutum ne, alhali ba ka yi komai ba. Wani ne a cikin gidan hayar ya yi ɓarna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gefen doka. Dokar Kamaru ta 21 ga Disamba 2010 a kan tsaron intanet ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan haɗuwa na shekara 10. Idan aka zo bincike, adireshi ake fara bi. Adireshin da mutane da yawa suke kai a lokaci guda ba ya nuna mutum ɗaya, sai in kamfani ya rubuta ƙananan bayanai dalla-dalla har zuwa daƙiƙa. Hukumar 'yan sandan Turai, Europol, ta koka da wannan tun 2017, Beljiyam kuwa ta sa kamfanoninta kada su wuce mutum 16 a adireshi ɗaya. A yanki irin namu, inda zargi kaɗai kan sa mutum kwana a inda bai so, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai kuma ita ma'ajiyar Afirka. AFRINIC, mai hedkwata a tsibirin Moris, ita ke raba adireshi ga kamfanonin nahiyar nan tun 2005, har da Camtel da MTN da Orange. Tun Janairun 2020 ta shiga rabon ƙarshe, inda ba ta ba kowa fiye da 1,024 a lokaci ɗaya. Sannan ga rikicinta da kamfanin Cloud Innovation a kan adireshi sama da miliyan 6, wanda ya kai kotu ta rufe asusunta na banki a 2021. Hukumar ta yi shekaru babu majalisar gudanarwa, a 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙo, aka soke zaɓen Yunin 2025, sai a Satumba aka samu aka zaɓi sabuwar majalisa. Me ya jawo wannan kokawa duka? Kuɗi. Adireshi ɗaya na IPv4 ya taɓa haura dala 50 a kasuwa. Abin da ya yi ƙaranci ya zama haja, kuma talakan Lopere ko Yelwa ba shi ne zai ci wannan ciniki ba.

Maganin yana nan tun tuni. Sabon tsari, IPv6, lambobinsa ba su ƙidayuwa, ana iya ba kowane gida dubbai ba a ji komai ba. An ƙaddamar da shi a duniya ranar 6 ga Yuni 2012. Yau kusan rabin masu shiga Google da shi suke shiga, Faransa da Indiya sun wuce kashi 70 cikin 100. Mu muna can baya nesa.

Galibi idan an zo nan sai a ce laifin kamfanoni ne, kuma gaskiya nasu ya fi yawa. Amma ko gobe da safe suka kunna IPv6, aikin zai tsaya ne a kan ɗan akwatin da ke rataye a bangon falo. Shi ne zai roƙi kamfani yankin adireshi, ya raba wa wayoyin gida, ya kuma tare wanda ba a gayyata ba, tunda yanzu kowace na'ura tana da ƙofarta a bakin titi. Akwai takardar ƙa'ida a kan haka, RFC 7084 ta 2013. Rubuta ƙa'ida daban, bin ta daban. Shi ya sa a Amurka, a Jami'ar New Hampshire, akwai ɗakin gwaji da ake kai akwatunan kamfanoni daban-daban a haɗa su da juna, a ga wanda ke jin yaren wani da wanda ke kurumcewa. Wanda ya ci jarrabawa yana iya samun tambarin IPv6 Ready.

Yanzu ku leƙa shagunan waya na Garwa da Marwa da Ngawundare. Kaya ne daga Sin da Dubai, wasu ta Najeriya suka biyo, wasu kuma tsofaffin akwatunan kamfanonin wasu ƙasashe ne da aka buɗe musu kulle. Mai saye abu biyu yake tambaya: nawa ne, kuma yana cin kowane sim? Ni ma haka na sayi nawa, ban fi kowa ba. Manhajar da ke ciki wataƙila tun ranar da aka ƙera ta ba a sake taɓa ta ba, kalmar sirri ma tana nan yadda ta zo a kwali. Irin wannan akwati, ranar da layi ya koma sabon tsari, ko dai ya yi biris ya ci gaba da tsoho, ko ya karɓa rabi-rabi: wani shafi ya buɗe, wani ya yi ta juyi. Mai gida zai ce rezo ne, kamfani zai ce akwatinka ne, kuɗin data kuwa sun tafi.

Hukumar ART ce ke da hurumin amincewa da na'urorin sadarwa kafin a sayar da su a ƙasar nan. Abin da nake son gani shi ne a sa gwajin IPv6 a gaba-gaba cikin sharuɗɗan, a kuma wallafa sunayen akwatunan da suka ci a inda ɗan kasuwa zai gani, ba a aljihun tebur a Yawunde ba. Kamfani kuma ya faɗa wa mai layi ƙarara, tun kafin ya biya, ko adireshinsa nasa ne ko na haɗaka.

Kuma ba lallai sai an jira Yawunde ba. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 da makarantar injiniyoyi ta Marwa suna da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. Akwati goma daga kasuwa, sim na kowane kamfani, kwamfuta ɗaya, sun isa a fara. A gwada, a rubuta sakamako da Faransanci da Fulatanci da Hausa. Wasu tsofaffin akwatunan ma ana iya farfaɗo da su da OpenWrt, manhajar kyauta da ake ta gyarawa tun 2004, sai dai ba kowane ke ɗaukarta ba, kuma hannun da bai iya ba yana iya kashe akwatin gaba ɗaya. Masu gyaran waya na bakin kasuwa, waɗanda suka koyi buɗe kulle ba malami, wallahi wannan ba zai gagare su ba in an nuna musu.

Abokina dai ya tambayi kuɗin adireshi na kansa, aka faɗa masa, ya girgiza kai. Kyamarorin suna nan suna ɗauka. In ya yi tafiya, ƙaninsa ne ke tsayawa gaban allon da yamma ya ɗauki hoto ya tura masa ta WhatsApp.