A BAR WA RUWA HANYA TUN KAFIN DOGO YA ISO GAYA

Duk wanda ya tsaya bakin gadar Gaya da ta haɗa mu da Malanbil, ya dubi faɗin kogin Isa, zai iya ɗauka cewa ƙetare shi da bututu aiki ne da ya fi ƙarfin ɗan Adam. To, an ƙetare shi. Bututun man fetur da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa tashar Seme ta Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ta ɓangaren Gaya ya tsallake kogin. An ƙaddamar da shi a Nuwamban 2023, a watan Mayun 2024 kuma aka yi lodin jirgin farko, alhali a lokacin gada tana rufe, ƴan kasuwa na haya kwalekwale da buhunansu. Mai ya wuce, shinkafa da albasa suka tsaya.

Ba hassada muke wa man fetur ba. Abin da muke cewa shi ne: daga ranar da aka gama wannan aiki, uzurin nan na "aikin yana da wuya" ya mutu. Idan an iya kai ganga 90,000 a rana daga hamada zuwa teku, kai ruwan sha daga bakin kogi ko daga rijiyar burtsatse zuwa unguwa da ƙauye ba gagarau ba ne. Gaya na cikin yankin da ya fi samun ruwan sama a Nijar, ga kogi a gindinta, amma har yau jarka da ɗan ga-ruwa ba su bar rayuwar talaka ba.

Sai dai akwai wani al'amari da ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Babban bututun ruwa ba tsawonsa kaɗai ke cin kuɗi ba, wuraren da yake ƙetarewa su ne masu tsada. A kan kogi, mafi sauƙi shi ne a rataya shi a jikin gada, amma sai an gina gadar da sanin za ta ɗauki wannan kaya: bututu mai faɗin santimita 50 yana riƙe ruwa kusan kilo 200 a kowace mita, ban da nauyin ƙarfensa. In ba haka ba, sai a haƙa rami a gindin kogi lokacin da ruwa ya janye, ko a kawo na'ura ta huda ƙasa daga wannan gaɓa ta ɓullo waccan.

Ƙarƙashin hanyar jirgin ƙasa kuwa ya fi tsanani. Ba a binne bututun ruwa tsirara a nan, domin in ya fashe zai kwashe ƙasa da tsakuwar da ke riƙe da dogo, jirgi ya kife. Ana sa shi ne cikin wani bututun da ya fi shi girma, na ƙarfe ko na siminti, kamar takobi cikin kube, da makulli a kowane gefe. Kafin a shimfiɗa dogo, ajiye wannan kube aikin kwana kaɗan ne. Bayan jirgi ya fara wucewa, sai neman izini, sai na'urar huda, sai takardu su kwana shekara a ofis. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan sun fi ni sanin yadda takarda take barci.

Wani zai ce, ina dogon yake? Gaskiya ne, an daɗe ana yi mana alkawari. Jirgin da ke tasowa daga Kotonu ya tsaya a Paraku tun zamanin Turawa, ƙungiyar OCBN da aka kafa a 1959 ba ta ƙara masa tsawo ba. Layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, an yi bikinsa a Janairun 2016, bai kuwa yi jigilar da aka yi shi dominta ba. Amma wannan jinkiri shi ne damarmu. Duk ranar da aka haɗa Doso da Paraku, ta ƙasar Gaya za a bi, kuma dogo zai raba gari da gonaki, ya raba kogi da tudu. Abin da ba a rubuta cikin kwangila ba a ranar sa hannu, ba za a same shi kyauta daga baya ba.

Saboda haka, a ganina, hukumomin garin Gaya da kamfanin SPEN mai kula da kadarorin ruwa su zauna tun yanzu, su zana inda manyan bututu za su bi nan da shekara talatin, har zuwa Tanda da Bengu da Tunuga, su sa alama a kowace mahaɗa. Sannan a mayar da shi sharaɗi: duk wanda zai gina dogo, ko sabuwar gada, ko ya faɗaɗa hanyar Kamba, sai ya bar wa ruwa mashiga da kuɗinsa. Ƴan kasuwar Gaya, da kuɗin duwan ɗinsu ya daɗe yana cika baitulmali, suna da bakin da za su nemi a nuna musu wannan taswira kafin a kafa tubalin farko.